Daji Reshe Ne, Uwar Kamfanin Tana Cikin Gari

A watan Maris na 2024, mutanen da suka sace mazauna Gonin Gora su 16 suka aiko da farashinsu: Naira tiriliyan 40, da motocin Hilux 11, da babura 150. A lokacin, kasafin kuɗin Tarayyar Najeriya na wannan shekarar ɗungurungum bai cika tiriliyan 29 ba. Jama'a suka yi ta dariyar takaici a Facebook da majalisun shayi, ana cewa ga jahilan daji waɗanda ba su san yawan sifirin da ke cikin tiriliyan ba. Dariyar ta sa ido ya tsallake sauran jerin. Tiriliyan 40 buɗe bakin ciniki ne, irin wanda kowane ɗan kasuwa ke fara faɗa kafin a soma tayi. Motoci da babura kuwa kayan aiki ne. Wanda ya nemi babura 150 yana da mutanen da za su hau su, yana da mai kawo masa fetur da bakaniken da zai gyara masa su, kuma ya riga ya tsara aikin baɗi.

Abin da ya addabi gefen birnin Kaduna na kudu da kogi, daga Gonin Gora da Kakau a hanyar Abuja zuwa Maraban Rido da Kujama a hanyar Kachia, kasuwanci ne mai jari da ma'aikata da dillalai. Sunansa na gaskiya shiryayyen laifi. Sunayen da aka saba kiran sa da su, su 'yan bindiga, ɓarayin daji, 'yan fashin daji, dukkansu suna nuna mai riƙe da bindiga, su bar mai riƙe da littafin lissafi a inuwa. Kuskuren suna ya haifi kuskuren magani, shi ya sa aka shafe shekaru an bar jaki ana dukan taiki.

Mene ne shiryayyen laifi?

Kalmar tana da ma'ana a doka. A watan Nuwamba na 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata yarjejeniya ta yaƙi da shiryayyun laifuffukan da ke ƙetare iyakoki, aka buɗe sa hannu a kanta a birnin Palermo na Italiya a Disamban wannan shekarar, Najeriya kuma ta tabbatar da ita a 2001. Yarjejeniyar ta gindaya sharuɗɗa huɗu. A sami mutum uku ko fiye a cikin gungu mai tsari. Gungun ya ɗauki lokaci yana nan, kada ya zama haɗuwar dare ɗaya. Manufarsa ta zama aikata babban laifi, wato wanda hukuncinsa zai iya kaiwa ɗaurin shekara huɗu ko fiye. Sharaɗi na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne a yi aikin don samun kuɗi ko wata riba ta abin duniya.

Mai karatu zai lura cewa babu bindiga a cikin sharuɗɗan nan, babu daji, babu ƙabila. Akawun da ke zaune a ofis mai sanyi yana wanke wa gungu kuɗi ya cika ma'anar tsaf, ko da bai taɓa jin ƙarar harsashi ba.

Ma'anar tana kuma taimakawa wajen rarrabe abubuwan da ake cakuɗawa. Yaron da ya fizge waya a kasuwar Sabon Tasha ya ruga ɓarawo ne, laifinsa ya ƙare a kansa. 'Yan sara-suka na Kaduna da 'yan daba na Kano suna da gungu da shugabanni, amma galibin faɗansu na unguwa ne da neman suna, sai ranar da ɗan siyasa ko dilan ƙwaya ya sa su a albashi su zama reshen wani abu da ya fi su girma. Alamar shiryayyen laifi ita ce rabon aiki da ɗorewa. Kowa yana da nasa fannin, kuma idan aka cire mutum ɗaya, ko da shugaba ne, sana'ar tana cike gurbinsa ta ci gaba, kamar yadda banki ba ya rufewa don manajan reshe ya mutu.

Hannu nawa ke cikin sata ɗaya?

A ranar 20 ga Afrilu, 2021, aka kai hari Jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Abuja a Ƙaramar Hukumar Chikun, aka kwashe ɗalibai da ma'aikata sama da 20. Aka kashe biyar daga cikin ɗaliban ana tsakiyar ciniki, don a nuna wa iyaye cewa farashin ba na wasa ba ne. Ragowar sun dawo ranar 29 ga Mayu, iyayen kuma suka shaida wa manema labarai cewa sun biya Naira miliyan 180, haɗe da babura. Makonni biyar bayan haka, ranar 5 ga Yuli, aka shiga makarantar sakandaren Bethel Baptist da ke Damishi a hanyar Kachia, aka tafi da yara 121. An riƙa sakin su rukuni-rukuni, kamar yadda ɗan kasuwa ke fitar da kaya daga sito gwargwadon abin da aka biya, na ƙarshensu bai koma gida ba sai a Nuwamban 2023.

Yana da kyau a tsaya a auna waɗannan alƙaluma da hankalin ɗan kasuwa. Naira miliyan 180 a takardun dubu-dubu takarda 180,000 ce, nauyinta ya kusa kilo 180, wato ya ɗara buhun shinkafa uku. An fitar da kuɗin nan daga bankuna da hannun 'yan uwa, an ɗauke su a mota, an bi da su ta hanyar da ke da shingayen jami'an tsaro. Da suka isa, ba a binne su a gindin kuka ba. Takardar Naira ba ta da amfani a daji sai ta dawo gari ta zama harsashi, ko shanu, ko zinare, ko fili, ko gida.

Tsare yara 121 na tsawon watanni kuwa aikin ɗawainiya ne babba. Sai da abinci kullum, har ta kai masu tsaron suka nemi a aiko musu da shinkafa da wake da mai. Sai da magani da wanda ya iya allura. Sai da layin waya da katin kira da wurin cajin batir. Kafin a kai ga nan, sai da infoman da ya san lokacin da maigadi ke gyangyaɗi, da wanda ya san mahaifin wane ne ke da gida a Barnawa. Bayan nan akwai mai shiga tsakani, da mai ɗaukar kuɗin fansa, da dilan makamai, da direban da ke sauke jarkokin fetur a bakin daji, da mai sayen shanun sata ya loda su a tirela zuwa kudu, da ɗan canji ko mai POS da ke juya kuɗin, da dillalin da ke nemo fili ba tare da ya tambayi asalin dukiyar ba. A cikin wannan jeri, mutum ɗaya ko biyu ne kawai ke kwana a daji. Sauran suna sallah a masallatan unguwa, suna zuwa coci ranar Lahadi, ana gaishe su da girmamawa. Da ɗan gari kan ci gari.

Gwamnati da kanta ta taɓa amsa wannan gaskiya a aikace. Tsakanin ƙarshen Agusta da ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta hana sayar da fetur a jarka a wasu ƙananan hukumomi, ta dakatar da wasu kasuwannin mako, ta hana zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya a sassan jihar har zuwa ƙarshen Nuwamba. Duk matakan nan suna faɗin abu guda, cewa numfashin daji daga gari yake fitowa. Sai dai an ɗora su a kan kowa da kowa, mai laifi da marar laifi, ɗan acaɓa mai neman na tuwo ya sha wuya tare da mai kai wa ɓarayi kaya. Da aka ɗage su, manyan masu safarar suna nan inda aka bar su, domin takunkumin gama-gari ba ya maye gurbin bincike.

Darasin Kakuri

Kudancin kogi ya san shiryayyen laifi tun kafin a fara sace mutane a hanyar Abuja, sai dai wancan ya zo da takardun kwastam da dilolin atamfa. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, a shekarun 1960 UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, a 1975 Peugeot ya fara harhaɗa motoci a unguwar, a 1980 aka ƙaddamar da matatar mai. Dubban ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar nan suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa, jiniyar canjin aiki ita ce agogon unguwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, ko da yake an yi yunƙurin farfaɗo da ita daga baya.

Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da lalacewar noman auduga duk suna da hannu a mutuwar masaƙun. Amma akwai wuƙar da aka soka musu da gangan, wato fasa-ƙwauri. A shekarun da doka ta hana ko ta taƙaita shigo da yadi, atamfar da aka buga a Sin, wani lokaci da kwaikwayon zane da tambarin masaƙun gida, tana sauka a tashar ruwan Kwatano, ta ratsa Nijar, ta shigo ta iyakokin arewa, ta baje a manyan kasuwannin yadi. Tirela ba ta bin hanyar ɓera. Kafin ta wuce sai an sami mai jari, da wakili a tashar ruwa, da jami'in da zai kau da kai, da babban mutumin da zai buga waya idan an tsare kaya. Wannan ya cika sharuɗɗan Palermo huɗu ba tare da an harba bindiga ko sau ɗaya ba, ya kuma raba iyalai da abincinsu fiye da yadda kowane ɗan fashi zai iya. Masu wannan sana'a ba a taɓa kiran su ɓarayi ba. Attajirai ake ce musu, ana ba su kujerar gaba a wurin taro.

Daga nan ne ya kamata a duba hujjar da 'yan boko suka fi so, cewa talauci da rashin aikin yi ne suka haifi garkuwa da mutane. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma rabin magana ce. Talauci yana samar da leburori, wato yaron da zai yi gadin waɗanda aka sace ko ya kai saƙo a kan kuɗi kaɗan. Jari kuwa daga wani wuri yake zuwa. Matashin da ba shi da kuɗin takalmi ba shi ne ya sayi AK-47 da akwatin harsashi ba. Miliyoyin talakawa suna kwana da yunwa a arewa ba su taɓa sace akuyar kowa ba, kuma ɗora laifin a kan talauci cin mutuncinsu ne, tare da wanke mai kuɗin da ya zuba jarin.

Kogin da ya raba masu makoki

Tun bayan rikicin shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2002, Kogin Kaduna ya zama iyaka. Yawancin Musulmi suka tattara a arewa, yawancin Kiristoci a kudu, kowane ɓangare da labarin da yake ba kansa. Idan aka sace masu ibada a cocin Kakau Daji, kamar yadda aka kwashe sama da 60 a ƙarshen Oktoban 2021, a Sabon Tasha da Narayi za a ce yaƙi ne ake yi da Kiristoci. Idan aka yi ɓarna a Birnin Gwari ko Giwa, a Rigasa da Tudun Wada za a ce ga shi an kashe Musulmi duniya ta yi shiru. Kowa yana ƙirga gawarwakinsa shi kaɗai.

Ba za a musa cewa akwai tsohuwar gaba ta ƙasa da sarauta da addini a kudancin jihar ba, Zangon Kataf ta 1992 shaida ce, kuma akwai kashe-kashen ramuwa da ba kuɗi ne ya jawo su ba. Haka nan akwai masu iƙirarin jihadi, irin su Ansaru, da suka sami mafaka a dazukan Birnin Gwari. Gaskiya ne kuma yawancin masu riƙe da bindiga a dazukan nan Fulani ne, kamar yadda yake gaskiya cewa Fulani makiyaya ne suka fara ɗanɗana satar shanu da garkuwa tun kafin abin ya iso bakin kwalta.

Amma alƙaluman gwamnatin jihar suna ba da labarin da ya fi na kowane ɓangare faɗi. Rahoton da Kwamishinan Tsaron Cikin Gida Samuel Aruwan ya gabatar ya nuna an kashe mutum 937 an sace 1,972 a 2020, sannan an kashe 1,192 an sace 3,348 a 2021. Daga cikin mamatan 2021, mutum 720 a shiyyar Kaduna ta Tsakiya suke, wadda ta haɗa Chikun da Kajuru da Birnin Gwari da Giwa da Igabi, inda Musulmi da Kirista ke cakuɗe. Makonni biyar kafin Bethel Baptist, an kwashe yara sama da 100 daga wata Islamiyya a Tegina ta Jihar Neja. Kafin su akwai 'yan makarantar Ƙanƙara a Disamban 2020 da 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021. Jirgin ƙasan da aka tare ranar 28 ga Maris, 2022, a hanyarsa ta zuwa Rigasa, ba a tambayi fasinjojinsa addininsu kafin a sa musu farashi ba.

Mai garkuwa yana duba abu biyu, sauƙin kamawa da ƙarfin biya. Rabuwar gari riba ce a wurinsa, domin mutanen da ke zargin juna ba za su haɗu su tambayi inda kuɗinsu ya tafi ba. Malami ko fasto ko ɗan siyasar da ya mayar da kowace sata hujjar ƙiyayya ga tsallaken kogi yana yi wa kamfanin aikin talla kyauta, ko ya sani ko bai sani ba.

Ranar da ɓarawo ya fara karɓar haraji

Masanin zamantakewa ɗan Italiya Diego Gambetta ya yi bayani a 1993 cewa ainihin hajar da Mafiyar Sisili ke sayarwa ita ce kariya. Tana bunƙasa ne a inda mutane suka daina yarda cewa hukuma za ta tsare musu dukiya ko ta raba musu gardama. Mai shago yana biyan kuɗi duk wata don kada a ƙona masa shago, kuma wanda yake biya shi ne mai ashanar. Wannan shi ne matakin da shiryayyen laifi ke kaiwa idan ya balaga: ya rage fashi, ya koma karɓar haraji.

Ƙauyukan Birnin Gwari da na Zamfara da Katsina sun ga wannan mataki da idonsu. Manomi yana biya kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi. Gari yana tara kuɗin zaman lafiya, wani wurin ma a kai ƙara gaban ɗan bindiga ya yanke hukunci. Gwamnatin Balarabe Musa ta PRP ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna bayan hawanta a 1979, talakawa suka yi murna. Bayan shekara 40 harajin ya dawo daga daji, ba rasit, ba ɗaukaka ƙara, hukuncin wanda ya gaza biya kuma mutuwa ne.

Irin wannan mulki ba ya tsayuwa sai bango ya tsage. Cibiyar GI-TOC da ke Janeba, wadda ke fitar da ma'aunin shiryayyun laifuffuka na duniya, ta sanya Najeriya ta shida a 2023, ta kuma nuna cewa a faɗin duniya rukunin masu laifi da ya fi tasiri shi ne na waɗanda ke cikin rigar hukuma. Misalan gida suna nan. Ranar 6 ga Agusta, 2019, 'yan sanda suka kama Hamisu Bala Wadume a Ibi ta Jihar Taraba bisa zargin garkuwa da mutane, sojoji suka buɗe wa motarsu wuta, 'yan sanda uku suka mutu, wanda aka kama ya tsere. Rundunar soja ta ce an ɗauka masu garkuwa ne. An sake kama shi a Kano, kotu ta ɗaure shi shekara bakwai a 2022, amma tun a 2020 aka cire sunayen sojojin daga takardar tuhuma bayan ofishin Antoni-Janar ya karɓi shari'ar. A Zamfara kuma, kwamitin da tsohon Sufeto-Janar na 'yan sanda Mohammed Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ce an biya fansar sama da Naira biliyan 3 cikin shekara takwas, ya kuma zargi wasu masu sarauta da hannu, a 2022 gwamnatin jihar ta tuɓe sarakuna biyu. Tuɓe rawani hukuncin siyasa ne. Shari'a a buɗaɗɗiyar kotu, inda za a karanta asusu a ji wanda ya ba wa, ita ce ƙasar ke ƙishirwa.

Ana ƙirga gawa, ba a ƙirga asusu

Kusan kowane mako akwai sanarwar cewa an hallaka 'yan bindiga kaza, an ƙwato babura kaza. Sojojin da ke wannan aiki suna sayar da rayukansu, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar mai bindiga ya sha iska. Amma tarihin shekarun nan ya nuna iyakar dabarar. An kashe Buharin Daji a 2018, sana'ar ta ƙara faɗi. Sojoji sun kashe Boderi Isyaku a Jihar Kaduna a Fabrairun 2024, bayan mako biyu aka kwashe 'yan makarantar Kuriga a Chikun, ranar 7 ga Maris, aka dawo da 137 bayan kwana 17. An kashe Halilu Sububu a Zamfara a Satumban 2024, hanyoyin makamai ba su toshe ba. Ga kuma farashin kuskure: a Tudun Biri, daren 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja marar matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a wurin Mauludi.

Ko girman kasuwar ma hukuma ba ta tsayar da shi ba. Kamfanin bincike na SBM ya ƙirga fansar da ta ɗan haura Naira biliyan 1 tsakanin Yulin 2023 da Yunin 2024, daga abin da ya fito fili. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, daga tambayar magidanta, ta ƙiyasta tiriliyan 2.23 a kusan wannan lokaci. Ratar da ke tsakanin alƙaluman biyu ta ninka sau dubu biyu. Ƙasar da ba ta san ko abokin gabarta na cin biliyan ko tiriliyan ba, ba ta fara bincikensa ba tukuna.

Italiya ta taɓa zama a wannan hali, tana kama masu harbi tana sakin su don rashin shaida. Bayan kisan ɗan majalisa Pio La Torre a 1982, aka yi dokar da ta mayar da zama ɗan ƙungiyar Mafiya laifi mai zaman kansa, ta kuma ba kotu ikon ƙwace dukiyar da mai ita ya kasa bayyana asalinta. Alƙalin bincike Giovanni Falcone ya bi sawun cakin banki da takardun canjin kuɗi, ya haɗa su da shaidar tubabben ɗan ƙungiya Tommaso Buscetta. A babbar shari'ar Palermo ta 1986 zuwa 1987 an gurfanar da sama da mutum 470, aka sami fiye da 330 da laifi. Mafiya ta kashe Falcone a Mayun 1992, ta kashe abokin aikinsa Paolo Borsellino bayan wata biyu, abin da ke nuna inda dukan ya yi mata zafi. Amurka ma da laifin ƙin biyan haraji ta ɗaure Al Capone a 1931.

Najeriya ba ta rasa dokoki ba. A Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar hana halatta kuɗin haram, da ta yaƙi da ta'addanci, da ta ƙwato dukiyar da aka samu ta hanyar laifi. Akwai EFCC, akwai hukumar NFIU mai bin diddigin hada-hadar kuɗi, an kuma tilasta wa kowa haɗa layin wayarsa da lambar NIN tun daga Disamban 2020. Da duk wannan, masu garkuwa suna ciniki ta waya na tsawon watanni. Abin da Majalisar Dattawa ta ga ya dace a Afrilun 2022 shi ne ta amince da ɗaurin shekara 15 ga wanda ya biya fansa, wato uban da ya sayar da gonarsa don ya ceto 'yarsa. Sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya buɗe hanya da kasuwar shanu, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shekara bai je gonarsa ba. Sai dai sulhu da reshe ba ya taɓa uwar kamfani. Dilan makamai da mai wanke kuɗi ba su zauna a teburin ba, ba su miƙa komai ba, jarinsu yana jiran wani dajin.

Rabon masu biro

Idan ma'anar shiryayyen laifi ta zauna, nauyin yana sauka a kan mutanen da suka fi ganin kansu nesa da shi. Ma'aikacin banki ne ke ganin asusun da miliyoyi ke shiga suna fita ba tare da sana'ar da ta yi daidai da su ba, doka kuma ta wajabta masa kai rahoto. Lauya ne ke rubuta takardar cinikin gidan da aka biya da tsabar kuɗi a buhu. Mai gidan mai ya san direban da ke cika jarka 50 da tsakar dare, mai kemis ya san wanda ke sayen kwalayen tiramol da ruwan ƙarin jini alhali ba shi da asibiti. Limami da fasto sun san mai ba da gudummawar da ta fi ƙarfin aikinsa. Kowannensu yana da uzurin cewa shi kasuwancinsa kawai yake yi, kuma da irin wannan uzuri ne kamfanin ke rayuwa.

Tsoro gaskiya ne, domin wanda ya tona asiri a ƙasar da ba ta kare mai ba da shaida yana wasa da ransa. Saboda haka buƙatar farko da ya kamata ƙungiyoyin lauyoyi da na ma'aikatan banki da na 'yan kasuwar Kaduna su haɗu a kanta, daga ɓangarorin kogi biyu, ita ce kariya ta gaske ga mai shaida, da runduna guda ta masu bincike da masu gabatar da ƙara wadda aikinta kawai bin kuɗin fansa. 'Yan jarida kuma suna da tambayar da ya kamata ta zama farilla a duk taron da aka baje bindigogi da babura a gaban kyamara: asusu nawa aka rufe, gida nawa aka ƙwace, jami'i nawa aka gurfanar, kuma a wace kotu za a je a saurari shari'ar? Ranar da kwamishina ya fara zuwa taro da amsar waɗannan a rubuce, ranar ce za a san an fara taɓa uwar kamfanin.